Kare A Ƙarƙashin Tebur: Wanda Ake Yi Wa Alfarma Da Wanda Doka Ta Hana A Kora

Daga cikin abubuwan da kan ɗaure wa baƙo kai idan ya fara shiga gidan abinci a Paris ko Balin ko Roma, akwai ganin kare kwance a ƙarƙashin tebur, ya ɗora haɓa bisa ƙafafunsa na gaba, ubangidansa kuwa yana ta yankar nama hankali kwance. A wasu wuraren ma'aikacin gidan kan ajiye wa karen kwanon ruwa tun kafin ya tambayi mai shi abin da zai ci. Babu mai ɗaga kai ya duba. Ga mutumin da ya tashi a Kano ko Zariya, inda wurin kare bai wuce ƙofar gida ko bayan mafarauta ba, inda kuma jifa ne rabonsa idan ya kusanci kwanon tuwo, wannan abu ne da zai iya tsayar masa da loma a maƙogwaro.

Sai dai karnukan da ake gani a irin waɗannan wurare iri biyu ne, kuma doka ba ta yi musu kuɗin goro ba. Akwai karen gida, wanda ake kiwo don sha'awa da ɗebe kewa. Shi wannan shigarsa alfarma ce ta mai gidan abinci: in ya ga dama ya bari, in bai ga dama ba ya hana. Akwai kuma karen aiki, wanda aka horar don ya yi wa makaho jagora ko ya taimaki mai wata lalura. Shi shigarsa haƙƙi ne na ubangidansa, kuma korarsa laifi ne da kan kai mutum gaban alƙali. Tun da 'yan'uwanmu da yawa da ke zaune a Turai da Amurka a gidajen abinci suke neman na kansu, wasu kuma tasi suke tuƙawa, sanin wannan bambanci ya wuce labarin ban mamaki na ƙasar wasu.

Inda mai gida ke da ta cewa

A ƙasashen Tarayyar Turai, dokar tsabtar abinci mai lamba 852 ta shekarar 2004 ta wajabta wa masu sana'ar abinci su hana dabbobin gida kaiwa ga inda ake girki, ko sarrafa abinci, ko adana shi. Wato kicin da sito haramiyar kare ne. Zauren da baƙi ke zama su ci kuwa an bar shi ga mai wurin. Shi ya sa a Faransa da Jamus da Italiya ake ganin kare a gidan abinci amma a same shi ɗaure a ƙofar kantin kayan masarufi, inda kayan ci suke a fili, hannu na kai musu. A Jamus har akwai wani sanannen allo mai hoton kare da ake liƙawa a ƙofar gidajen burodi da mahauta, mai nuna cewa nan iyakarsa waje.

Birtaniya ma haka abin yake, duk da ta fice daga tarayyar. Babu dokar da ta hana kare shiga gidan abinci, babu kuma wadda ta tilasta a karɓe shi. Mashayun karkara sun daɗe da sabawa da manomi ko makiyayi ya shigo da karensa ya kwanta kusa da murhu. Amma kamfanin Wetherspoon, mai mashayu kusan 900 a lokacin, ya sanar a 2018 cewa daga watan Satumba zai tsaurara haramcin shiga da karnuka, har a farfajiyar waje, ban da karnukan aiki. Hujjarsa ita ce ko karen da ya fi kowane ladabi ba a san ranar da zai birkice ba, yara ƙanana na tsorata, kuma ma'aikata ne ke shan wahalar kwashe kashi. Masu karnuka sun yi ta ƙorafi, kamfanin bai janye ba.

A Amurka lissafin ya juya. Kundin ƙa'idojin abinci da hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ke fitarwa, wanda jihohi ke ɗauka su gina dokokinsu a kai, ya hana shigar da dabba mai rai gidan abinci, sai 'yan kaɗan da aka keɓe, irin su kifin ado a cikin gilashi, karen 'yan sanda da ke bakin aiki, da karen da ke taimakon mai lalura. Don haka gwagwarmayar masu karnuka a can ba ta ma kai ga zauren ciki ba, a kan baranda da teburan waje aka yi ta. Jihar Fulorida ta buɗe ƙofa a 2006 da dokar da ta bai wa ƙananan hukumomi ikon yarda, har aka raɗa wa dokar sunan karen wani ɗan majalisar dattawan jihar. Kalifoniya ta biyo baya a 2014, New York a 2015. Sai a bugun kundin na 2022 ita kanta FDA ta amince a bar karnukan gida a wuraren cin abinci na waje, muddin hukumar yankin ta yarda.

Dokar Kalifoniya, wadda Gwamna Jerry Brown ya sa wa hannu ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2015, ta cancanci a dube ta da kyau, domin sharuɗɗanta sun nuna ainihin abin da jami'an lafiya ke tsoro. Dole wurin ya kasance yana da ƙofarsa ta waje, yadda kare ba zai ratsa cikin gidan ba. Dole karen ya kasance a ɗaure da igiya ko a cikin keji. Ba ya hawa kujera ko benci. In za a ba shi ruwa ko abinci, a mazubin da ake jefarwa bayan amfani ɗaya za a ba shi. Ma'aikacin da ke ɗaukar abinci ba zai shafa shi ba, in kuwa ya taɓa shi sai ya wanke hannu. Mai karatu zai lura cewa yawancin sharuɗɗan a kan hannun ɗan'adam suke. Kare da ke kwance a ƙasa ba ya zuba wa kowa cuta a miya. Hatsarin yana wajen yarinyar da ta sunkuya ta shafa kansa, ya lashe mata yatsu, sannan ta ɗauki farantin wani. Sauran matsalolin na zahiri ne: igiyar da za ta harɗe ƙafar mai ɗauke da tafasasshen shayi, karnuka biyu da suka haɗu ba shiri, da baƙon da ke teburin gefe wanda gashin kare ke tayar masa da asma.

Me ya sa masu gidajen abinci ke yarda da wannan ɗawainiya? Ciniki. A Amurka kaɗai gidaje fiye da miliyan 60 ne ke da kare, kuma mutumin da ke zaune shi kaɗai a ɗaki a hawa na goma, wanda karen nan ne abokin hirarsa, zai zaɓi inda za a karɓe su tare. Wasu sun wuce gona da iri. A 2022 an buɗe wani wuri a San Francisco mai suna Dogue, inda ake shirya wa karnuka abinci kala-kala a jere kan dala 75, a birnin da dubban mutane ke kwana a kan titi. Ko a can ɗin ma an yi ta tsine wa abin, kuma da wuya a ce masu tsinuwar ba su da gaskiya.

Abin da ba a gani a ƙarƙashin teburin

Wanda ya kalli karen Bature kwance a gidan abinci ya ce ai Turawa ba su da ƙyama, rabin labarin ya gani. Wannan natsuwa tana da ginshiƙai da aka daɗe ana kafawa. A Ingila da Sikotilan da Wales, tun daga Afrilun 2016 wajibi ne a saka wa kowane kare wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da za a gano mai shi da ita, wanda ya ƙi kuma tarar da ta kai fam 500 na jiransa. A Jamus ana biyan harajin kare: a Balin yuro 120 ne a shekara kan kare na farko. Jihar Lower Saxony ta ƙara da cewa tun daga 2013 wanda zai fara kiwon kare sai ya ci jarrabawa, ta takarda da ta aiki. Kare da ya yi ɓarna a irin waɗannan ƙasashe yana da adireshi, kuma akwai wanda zai biya.

Babban ginshiƙin shi ne rashin cutar haukan kare. Rabon Birtaniya da samun cutar a jikin dabbar da ta kamu a cikin ƙasar tun 1922, kuma ta kare kanta da tsare duk karen da aka shigo da shi na wata shida, har zuwa shekarar 2000 da aka sassauta. An ayyana Faransa ta rabu da cutar a dabbobin ƙasa a 2001, Jamus a 2008, Amurka kuma ta sanar da kawar da nau'in da karnuka ke yaɗawa a 2007. Cizon kare a can rauni ne da ake ɗinkewa.

A wajenmu kuwa cizon kare na iya zama ajali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun cutar sun bayyana, kusan babu mai tashi. Masana sun ce yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allurar rigakafi ya isa ya katse yaɗuwarta, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato na sarrafa allurar. Duk da haka Nijeriya na cikin jerin ƙasashen da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke ɗauka masu babban hatsari. Saboda haka uwar da ta fizge ɗanta ta ruga ganin baƙon kare ya doso wurin mai shayi ba ƙauyanci ta yi ba. Masu son a kwaikwayi Paris a wuraren shaƙatawa na Abuja da Legas, saboda sun sayi karen waje mai tsada, ya kamata su fara kawo katin rigakafi kafin su nemi kujera.

Karen da ba a kora

Labarin karen jagora daban ne, kuma daga yaƙi ya samo asali. A 1916, lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ke mayar da dubban sojoji gida ba idanu, wani likita, Gerhard Stalling, ya buɗe makarantar horar da karnukan jagora a garin Oldenburg na Jamus. A 1927 wata Ba'amurkiya mai kiwon karnuka a Suwizalan, Dorothy Eustis, ta rubuta maƙala kan abin da ta gani a Jamus. Aka karanta wa wani saurayi makaho, Morris Frank, ya tafi can ya dawo da karya mai suna Buddy a 1928, shekara guda bayan nan suka kafa makarantar The Seeing Eye. Frank ya shafe shekaru yana yawo jiha-jiha yana neman a bar shi ya shiga jirgin ƙasa da otal da gidan abinci da karensa. Birtaniya ta samu karnukanta na farko a 1931.

Horon yakan ɗauki kusan shekara biyu. Ana koya wa karen ya tsaya a bakin titi da gindin matakala, ya kauce wa rami, ya lura har da reshen da ba zai taɓa shi ba amma zai bugi goshin ubangidansa. Mafi wuya a cikin darussan shi ne ƙin bin umarni: in makaho ya ce a tsallaka alhali mota na tafe, karen zai turje. Ana kuma koya masa ya shige ƙarƙashin tebur ya kwanta, ya yi biris da naman da ya faɗo a gaban hancinsa. Bahaushe ya ce in ka ga kare na shinshinar takalmi ɗauka zai yi. Wannan an hore shi ne kada ma ya shinshina. Bayan na makafi akwai na kurame, da masu faɗakar da mai farfaɗiya ko mai ciwon suga.

Dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990, tare da ƙa'idojin da ma'aikatar shari'a ta sabunta a 2010, ta taƙaita wa ma'aikacin gidan abinci tambayoyi biyu kacal idan lalurar ba a fili take ba: shin wannan karen aiki ne da ake buƙata saboda lalura, kuma wane aiki aka horar da shi ya yi? Ba zai tambayi mutum ciwonsa ba, ba zai nemi takarda ba, ba zai ce karen ya gwada aikin a gani ba. Tsoron kare ko rashin jituwar jiki da gashinsa ba hujja ba ce ta korar mai shi, sai dai a nisanta teburansu. Abin da ya halatta a ce a fitar da karen shi ne ya gagari ubangidansa ko ya yi bahaya a wurin, kuma ko a nan dole a ci gaba da yi wa mutumin hidima in ya so. A Faransa hana karen jagora shiga na jawo tarar da ta kai yuro 450. Japan ta yi tata dokar a 2002, ta faɗaɗa ta zuwa gidajen abinci da otal-otal a 2003.

Wannan sauƙi da aka yi don kada a tozarta mai lalura shi ne ƙofar da 'yan damfara suka samu. A intanet ana sayar da rigar da aka rubuta wa "karen aiki" da katin shaida na bogi, mutum ya saya ya sa wa karen gidansa don ya shiga da shi ko'ina. Karen ya yi haushi, ya ɗora ƙafa kan tebur, ko ya kai wa karen jagora na gaskiya cizo. Gobe makaho ya zo, mai gidan abincin da aka taɓa cuta ya tare ƙofa. Jihohi da dama a Amurka sun mayar da wannan ƙarya laifi. Rikicin ya fi ƙamari a jiragen sama, inda mutane suka riƙa zuwa da dabbobi da sunan masu kwantar musu da hankali, har wata ta je filin jirgin Newark da ɗawisu a Janairun 2018, aka hana ta. A ƙarshen 2020 ma'aikatar sufuri ta ƙasar ta soke wannan gata, ta bar karnukan aiki kaɗai.

Duk da dokokin, korar ba ta tsaya ba. Ƙungiyar Guide Dogs ta Birtaniya ta sha gudanar da bincike a tsakanin masu karnukan aiki, inda fiye da kashi 75 cikin 100 suka ce an taɓa hana su shiga wani wuri, kuma gidajen abinci da motocin haya na sahun gaba.

A nan ne batun ya iso kan Musulmi, domin ba boyayyen abu ba ne cewa wasu daga cikin masu korar suna kafa hujja da addini. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ba ta karɓi wannan uzuri ba. Direban tasin da ya ƙi ɗaukar karen aiki na fuskantar tarar da ta kai fam 1,000, kuma lasisinsa na iya tafiya. Uzurin da aka sani shi ne na rashin lafiya, shi ma sai da takardar keɓewa daga hukumar da ta ba shi lasisi.

Ta fuskar fiƙihu kuwa maganar ta fi yadda ake zato faɗi. Shafi'iyya da Hambaliyya na ɗaukar kare najasa ne. Hanafiyya sun taƙaita najasar ga yawunsa. Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a ƙasar Hausa, na ganin duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau bakwai bin umarni ne na ibada, ba don ƙazanta ba. Haka yake a Muhtasar na Shehu Khalil da ake karantawa a zaurukanmu. Abin da malamai suka yi tarayya a kai shi ne ƙin ajiye kare ba tare da buƙata ba, tare da halatta na farauta da na kiwo da na gona. Masu sharhin Risala ma sun ruwaito cewa mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, da aka tuna masa ra'ayin Imam Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. In gadin garke buƙata ce, da wuya a ce idon makaho bai kai ta ba. A kan irin wannan fahimta ce Majalisar Shari'ar Musulunci ta Birtaniya ta ba da fatawa a 2008, wadda ta bai wa wani saurayi makaho a birnin Lesta damar zuwa masallaci da karensa na jagora. Aka yi wa karen wurin kwanciya a mashiga, kusa da inda ake ajiye takalma, ba ya shiga inda ake sallah. Mai gidan abincin da ya tare makaho a ƙofa da sunan addini ya tsananta fiye da masallacin.

A garuruwanmu aikin da karen nan ke yi yaro ne ke yin sa. Ɗan jagora, riƙe da bakin sanda, makaho riƙe da ɗaya bakin, daga safe har magariba, a shekarun da ya kamata a ce yana aji. Afirka ta Kudu na da ƙungiyar horar da karnukan jagora tun 1953, don haka ba abu ne da ya gagari nahiyar ba. Nijeriya ta samu dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta kuma bai wa gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, kuma kowa na iya zagaya Wuse ko Garki ya ƙirga gidajen abincin da mai keken guragu zai iya shiga ba tare da an ɗauke shi ba. Karen jagora ma, ko an kawo shi yau, an hore shi ne ya bi gefen titi na masu tafiya a ƙasa ya tsaya inda ya ƙare. A yawancin unguwanninmu gefen titin ko dai babu shi, ko an ajiye motoci a kai, ko kuma murfin kwalbatin ya daɗe da ɓacewa.